Yadda ake cin abinci da shan shayi a teburin mai shayi na ƙauye

A ƙasar Kano da Jigawa, duk ƙauyen da ke da bakin titi ko masallacin Juma'a, da wuya ka rasa teburin mai shayi a cikinsa. Ni sana'ata sayen riɗi da zoɓo ce a kasuwannin karkara. Ina cin Maigatari ranar Alhamis, Gujungu ranar Lahadi, wani jiƙon in gangara Wudil ranar Juma'a, saboda haka yawancin karin kumallona da abincin darena a kan bencin masu shayi nake yin su. Wannan bayani na yi shi ne don wanda bai saba ba: malamin makaranta ko ɗan bautar ƙasa da aka turo ƙauye, saurayin da ya fara riƙe kuɗin kansa, da ɗan birni da ya zo ganin dangi.

A ƙasashe irin su Faransa da Italiya, ɗaya daga cikin wuraren da mutanen unguwa ke haɗuwa da yamma shi ne ƙaramar mashayar giyar inabi. Mu nan addini ya haramta mana ita, kuma tun shekarar 2000 da aka ƙaddamar da shari'a a Kano da Jigawa doka ma ta hana. Namu wurin haɗuwar shi ne wannan tebur mai gwangwanayen madara a jere, da buta a kan garwashi, da benci biyu ko uku. Zamansa yana da ƙa'ida, kuma wanda ya san ta ya fi kowa cin daɗi da kuɗi kaɗan.

Fara da sanin lokaci. Mai shayi kan hura wuta tun kafin kiran assalatu, yadda da an sallame sallar asuba butarsa ta tafasa. Daga nan zuwa hantsi shi ne cinikin safe. Sai ya kwashe kayansa ya tafi gona ko ya ɗan runtsa, ya dawo bayan la'asar ya sake shimfiɗawa, ya kai har tsakar dare idan ranar kasuwa ce. Shayin farkon buta ya fi kowanne, don ganyen bai jima a wuta ba, kayan ƙamshin kuma suna nan da ƙarfinsu. In ka bari sai hantsi ya dubi ludayi, za ka tarar an yi ta ƙara ruwa a kan tsohon ganye har ya yi baƙi ya yi bauri. Burodi kuwa, a ƙauyen da ba a gasa shi, mai babur ne ke kawo shi daga gari, wani wurin kullum, wani wurin sai bayan kwana biyu. Tambayi mai shayi yaushe ake kawowa, ba zai ɓoye maka ba.

Idan garin yana da tebur fiye da ɗaya, kada hasken fitilar sola ko ƙarar rediyo su ja ka. Ni bokitin wanke kofi nake fara dubawa. Mai shayin kirki yana da bokiti biyu, na sabulu da na ɗauraya, kuma kafin ya haɗa maka zai watsa wa kofin ruwan zafi daga buta ya zubar. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo a ƙauyuka. Shi ruwan shayin ya riga ya tafasa, haɗarin yana jikin kofi da cokali da hannu. In bai watsa ba, ka ce masa a hankali, “Malam, ɗan ɗauraye min da na zafi.” Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba in dai ba a gaban jama'a aka ɗaga masa murya ba. Sannan ka dubi gwangwanin madarar da aka riga aka huda. A zafin watan Afrilu, madarar da aka fasa da safe ba ta kai wa dare lafiya. Gara ka ce a fasa maka sabuwa, ko a yaga ta gari a gabanka.

Da ka iso, yi sallama da muryar da kowa zai ji, ka miƙa wa na kusa da kai hannu. Dattijo kuwa a ɗan rusuna masa: “Baba, an tashi lafiya? Ya sanyi?” Kada ka faɗa kan benci don ka ga wuri. Kowane tebur yana da masu shi na kullum, kuma da hunturu kusurwar da ke dab da garwashi akwai tsohon da kowa ya san tasa ce. Ka tambaya, “Da mutum a nan?” In kana zaune wanda ya girme ka ya iso babu wuri, ka miƙe da kofinka ka ce, “Bismillah Baba, ga wuri.” Shi kansa mai shayin, Malam ake ce masa, ko Kawu, ko Baba idan ya manyanta. Kiran “kai mai shayi”, ko tafa masa hannu, ko buga cokali a tebur, rashin tarbiyya ne, kuma duk benci zai lura.

Yanzu sai babbar magana, wato yadda za ka faɗi abin da kake so. Kada ka ce “a ba ni shayi” ka yi shiru. Zai haɗa maka irin na yawancin mutanen garin, mutanenmu kuwa akwai son zaƙi, cokali uku ko huɗu na sukari a kofi ɗaya ba abin mamaki ba ne a wurinsu. Ka fara da kuɗi, don da shi ake awo: “Malam, haɗa min na kaza.” Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, farashin madara da sukari da fulawa bai zauna wuri ɗaya ba, don haka tambayar kuɗi kafin a haɗa ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne a gama haɗawa ka tsaya ciniki.

Bayan kuɗi sai iri. Akwai ruwan bunu, wanda ba madara, shi ne mafi araha kuma a nan ake gane gwanin dafa shayi, tunda babu abin da zai rufe masa asiri. Akwai mai madara kaɗai. Akwai kuma haɗin kauri, wanda ake zuba wa madara da yawa da Milo ko Bournvita har cokali ya yi nauyi a ciki. Wannan na mai tafiya gona ne ko mai dakon buhu, ba na wanda zai koma ya kwanta ba. Madarar ma iri-iri ce. Peak ta gwangwani ta asali tana da cikakken maiƙon nono, shi ya sa ta fi tsada ta fi garɗi, su Three Crowns da Cowbell kuwa an maye maiƙon da man tsirrai, sun fi sauƙin kuɗi. Ka ambaci wadda kake so da sunanta. Ganye ma haka: wasu Lipton suke sakawa, wasu Top Tea, wasu kuma Highland, wanda ake nomawa a Kakara a kan tsaunin Mambila ta jihar Taraba. A ganina ruwan bunun Highland ya fi faɗawa, amma wannan bakin kowa daban.

Abin da ke bambanta tebur da tebur shi ne kayan ƙamshin da ke cikin buta: citta, kanumfari, masoro, kimba, kirfa, wani ya ƙara na'a-na'a. Kowa da hannunsa, kuma ba kowa ke son a tambaye shi awon da yake yi ba. Amma kana iya tambayar ko an riga an sa sukari a butar, don wasu suna dafawa da shi, in aka ƙara wani a kofi sai zaƙin ya hau kai. Mai son lemun tsami ya matsa shi a ruwan bunu kawai. In ka matsa a mai madara, madarar za ta tsinke ta yi gudaji.

Ka tsaya ka kalli sheƙawa, ko da kana sauri. Zai riƙe kofi ɗaya a hannun dama sama da kafaɗarsa, ɗaya a hagu wajen ƙugu, ya tuttulo, ruwan ya miƙe kamar igiya ya faɗa cikin na ƙasa ba ɗigo ko ɗaya a tebur, ya juya ya sake, ya sake, har kumfa ta taso bakin kofi. Ba don burga yake yi ba. Da haka sukari ke narkewa, madarar gari ta bi ruwa ba ƙulli, zafin ya sauka daidai baki. In mota na jiran ka, ka ce, “Sheƙa min sosai.” In da sanyin safiya ne kana son ɗumama hannu, ka ce, “Bar min shi da zafinsa.” Kada ka karɓa ka hau hurawa, Annabi (SAW) ya hana hura iska a cikin abin sha. Ka zauna, ka yi bismillah, ka sha da dama.

Ƙwai shi ne abokin tafiyar shayi, kuma a nan ma sai ka yi magana. Zai fasa a kofi, ya yanka albasa a tafin hannunsa da wata 'yar wuƙa da ta siranta saboda wasawa, ya sa attaruhu da tumatir, ya marmasa magi, ya kaɗa da cokali mai yatsu, ya juye a kasko. Ka faɗi ƙwai nawa, ka faɗi ko kana son yaji. In fiye da ɗaya ne, ka roƙe shi ya riƙa fasa kowanne daban kafin ya haɗa, don ɓatacce ɗaya yana lalata sauran, kuma asarar tasa ce. Da damina ka tambayi ƙwan zabi. Lokacin ne zabi ke zuba, ƙauye ya cika da shi. Ya fi na gidan gona ƙanƙanta, ɓawonsa ya fi tauri, amma gwaiduwarsa ta fi daɗi nesa ba kusa ba. Ka leƙa man da ke kasko, in ya yi baƙi ka ce a sauya. Ka kuma bari ya soyu har ciki. Abin da na fi so a teburin shayi duka shi ne a tsaga burodi a tsakiya, a cusa wainar ƙwan, a mayar kan kasko a danne da bayan cokali har gefen ya yi ja ya yi ƙamas. Ko burodin jiya ne, wannan dannawar tana dawo da shi.

Indomie, wadda tun tsakiyar shekarun 1990 ake yin ta a Ota ta jihar Ogun, yanzu ta kusa ƙwace teburin daga hannun burodi, musamman wurin samari. Faɗi ko mai ruwa-ruwa kake so ko busasshiya, ko a dafa ƙwan a ciki ko a soya shi a gefe. Garin ɗanɗanon da ke cikin ledarta gishiri ne da yawa, don haka ka ce kada a ƙara magi. Mai hawan jini ma a sa masa rabi.

Ba dole ne komai ya fito daga teburin ba. Kusan kullum akwai mai ƙosai ko mai waina a gefe da safe, mai tsire da mai awara da dare. Babu laifi ka sayo ka zauna da shi, muddin ka sayi shayi a wurin wanda ka hau bencinsa. Ƙosai mai zafi a cikin burodi da shayi mai madara ya ishi mutum har azahar. Tsire ko balangu kuwa ruwan bunu mai citta da lemun tsami ne ya dace da shi, don yana wanke maiƙo. Haɗin kauri a kan nama nauyi ne kawai.

Akwai abin da nake so 'yan'uwa su riƙe game da lafiya. Ciwon sukari ya shigo ƙauye, ba na masu kuɗi ba ne kaɗai, kuma kofi biyu na haɗin kauri safe da dare ba ƙaramin sukari ba ne. A rage cokali ɗaya-ɗaya, baki yana sabawa. Shayi kuma yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye, don haka mai ƙarancin jini da mai juna biyu su ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi. Nescafé bayan isha'i yana hana barci. Sannan a tashoshi da manyan kasuwanni za ka ga masu gadagi, wato shayin saiwoyi da ganyaye da ake sha don ƙarfin aiki, ko wani ya ce zai sa maka abin ƙarin kuzari. Duk abin da ba a faɗa maka mene ne ba, kada ya shiga kofinka. Na ga yara masu ƙarfi, 'yan dako da 'yan acaɓa, da suka fara da haka suka ƙare a ƙwaya, kuma abin yana min ciwo har yanzu.

A Maigatari, da yake bakin iyakar Nijar ce, za ka gamu da shayin Buzaye. Wannan wani fanni ne daban. Koren ganye ne na ƙasar Sin, ana dafa shi a 'yar ƙaramar buta a kan garwashi, a zuba a 'yan ƙananan kofunan gilashi, kuma sau uku ake zagayawa: na farko da ɗaci da ƙarfi, na ƙarshe da zaƙi. Ba shayin mai sauri ba ne. In aka gayyace ka kuma ka san ba za ka kai na uku ba, ka ba da uzurinka tun da wuri.

Da an ajiye maka abinci, ka dubi na dama da na hagu ka ce, “Bismillah.” Yawanci za su ce, “Alhamdu lillahi, a ci lafiya.” In wani ya sa hannu, da ma don haka ka faɗa. Za ka kuma ga almajiri a tsaye daga gefe da robarsa. Kada ka bar masa ragowar da ka jagwalgwala. Tun kafin ka fara ci ka gutsura masa burodi, ko ka ce a zuba masa ruwan bunu a lissafinka. In ka zo biya mai shayi ya ce, “An biya,” kada ka tsaya jayayya. Ka nemi wanda ya biya ka ce, “Alhaji, na gode, Allah ya ƙara buɗi,” wata rana kai ma ka riga shi. In kai ne za ka biya wa dattijo, ka raɗa wa mai shayi a kunne, ba sai benci ya sani ba.

Hira kuwa ita ce rabin abin da ke kawo mutane. Za a saurari shirin safe na BBC ko Freedom Radio, a ɗora da siyasa, da kuɗin taki, da wasan Kano Pillars ko na Turai. Baƙo ya fi sauraro. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ni a kan benci nake fara jin yadda buhun riɗi ya kwana kafin in taka kasuwa. Amma kada ka faɗi nawa ka zo da shi, ko inda za ka kwana, ko ƙarfe nawa za ka kama hanya, ba ka san duk wanda ke zaune ba. Maganar gidanka ma ta tsaya a gida. In hira ta koma cin naman wani, shanye shayinka ka yi sallama.

Zancen biya nake so a fi riƙewa. Jarin mai shayi ɗan ƙarami ne. Cinikin yau da shi zai sayo madarar gobe, burodin ma sau da yawa a kan amana ake ajiye masa, sai ya sayar ya biya. Ribarsa a kofi ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Ka zo da canji, kada ka miƙa masa dubu da asuba a kan ruwan bunu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da yawa sun buɗe asusu suna karɓar taransifa, amma sabis a ƙauye sai a hankali, don haka ka tsaya har saƙon ya shigo wayarsa, kada ka nuna masa taka ka wuce. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai shayi ya fi kowa sanin haka, shi ya sa yake da littafi. In za ka ci, ka faɗa kafin a haɗa, ka kuma yanke rana: “Malam, sai ranar kasuwa.” Ranar ta zo ka cika, ko da rabi ne. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne mutum ya tara bashi a nan, ya koma teburin tsallaken titi yana biya hannu da hannu. Na san tebura da suka mutu ba don rashin ciniki ba, sai don littafin ya fi aljihu nauyi, masu su suka tafi ci-rani Legas ko Abuja suka bar iyali. Haka kuma in wuri ya cika, mutane na tsaye da kuɗinsu, kai kuwa ka gama, ka koma gefe ka ci gaba da hirarka. In ka sa cajin waya a solarsa, ka tambaya ko da kuɗi.

A ƙauyukanmu mata ba sa zama a teburin shayi, aikowa suke yi, haka ma marar lafiya da tsoho. In za ka aiki yaro, ka ba shi fulas ko kofi mai murfi, ka faɗa masa dalla-dalla na nawa, wace madara, cokali nawa, ka sa ya maimaita. Kada a zuba shayi mai zafi a leda, kuma a ɗauraye fulas ɗin da ruwan zafi kafin a juye, ya fi riƙe ɗumi. Masu shayi kuma ina roƙon ku ku daina barin yaran aike sai ƙarshe, wani daga wurin mai jego aka turo shi. Magidancin da ya ci ƙwai da burodi a waje, ya ce a yanka masa wani burodin ya shiga da shi gida.

Da azumi tsarin yana juyewa. Ba a fitowa da safe, ana shimfiɗawa dab da magariba, cunkoso ya tashi bayan asham, wasu su kai har sahur. A watan nan burodi da ƙwai suna ƙarewa da wuri, don haka in kana son na sahur, ka ba da kuɗinka tun bayan shan ruwa ka ce a ajiye maka.